Tambayoyinku: Gano Ciwon Tsohuwar Amfilifayar Jita Mai Bawul

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan tsofaffin amfilifayoyin jita masu aiki da bawul, wato kwalaben gilashin nan da suke ɗaukar zafi su yi ja kafin sauti ya fito. An taƙaita wasu daga cikin wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kawuna ya yi karatu a Amurka, ya dawo da amfilifaya ƙirar Fender Deluxe Reverb ta 1966. Bayan rasuwarsa ta shafe shekaru a ɗakin ajiya ba a kunna ta ba. Kwanan baya na samo taransifomar rage wuta na jona ta, ta kuwa kama, amma tana wani gurnani mai ƙarfi ko da na rage murya gaba ɗaya, kuma idan na taɓa tsirkiyar jita sai in ji wuta tana ɗan ja na. Wani mai gyaran rediyo ya ce bawul ɗin ne duka suka mutu, in sayo sababbi. Mece ce shawararka?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Kafin mu shiga maganar gurnani, ka zare filogin wannan amfilifaya, kada ka sake kaɗa jita da ita sai an gyara, domin jan wutar da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka shi ne babban al'amari. Amfilifayoyin Amurka na wancan zamani suna zuwa da filogi mai baki biyu, babu wayar ƙasa, kuma akwai wata ƙaramar kafasita, wato ɗan abin da ke tara wuta, da aka ɗaura tsakanin wayar wutar gida da ƙarfen jikin na'urar don rage ƙara. Tsirkiyar jitarka a haɗe take da wannan ƙarfe ta cikin igiyar jita. Idan kafasitar ta tsufa ta fara yoyo, wutar gida tana bi ta ƙarfen zuwa yatsunka, ranar da ta lalace ta bar wuta tana wucewa gaba ɗaya kuwa, mutum yana riƙe da jita ya taɓa makirfo ko ya taka siminti mai laima ba takalmi, abin zai iya zama ajali. Taransifomar rage wuta ba ta tsare ka daga wannan ba, domin yawancin waɗanda ake sayarwa naɗi ɗaya gare su, ba sa raba wutar shiga da ta fita. Maganin shi ne a cire wannan kafasita a yar, a sa igiya mai waya uku, a ɗaure wayar ƙasa da kusa a jikin ƙarfen, sannan a tabbatar taransifomar da soket ɗin bango su ma suna da wayar ƙasa mai aiki.

Game da bawul, ban yarda da mai gyaranka ba. Wannan amfilifaya tana da bawul tara: 6V6 guda biyu masu ba da ƙarfi na wat 22, GZ34 guda ɗaya mai mayar da wutar gida zuwa wuta miƙaƙƙiya, da ƙanana shida, huɗu 12AX7 ko 7025, biyu 12AT7. Bawul ba ya lalacewa don an ajiye shi, aiki ne yake cinye shi, kuma ƙananan suna iya shekaru da dama suna aiki lafiya. Abin da zama yake kashewa shi ne manyan kafasitocin tace wuta, waɗanda suke ƙarƙashin wani murfin ƙarfe a cikin na'urar. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da yake bushewa sannu a hankali, kuma kafasita mai shekara kusan 60 ta wuce lokacinta ko da ba ta kumbura ba. Aikinsu shi ne su daidaita wutar da GZ34 ya fitar ta zama shimfiɗaɗɗiya, idan suka gaza kuma sai karkarwar wutar ta fito a lasifika a matsayin gurnani wanda abin murɗa murya ba ya rage shi, daidai yadda ka bayyana.

Kunnenka ma zai iya taimaka wa mai gyara. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka gurnanin da yake zuwa daga kafasitocin tacewa yana kaɗawa sau 100, wanda ya yi kusa ƙwarai da sautin tsirkiya mafi kauri idan an danne ta a gaɓa ta uku. Idan gurnanin ya fi duk wani sautin jita zurfi, to na 50 ne, kuma wannan ya fi nuna matsalar wayar ƙasa, ko wayoyin da suke ɗumama bawul, ko ƙaramar kafasitar bayas, wato ta wutar da take hana manyan bawul jan wuta fiye da kima. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a kashe na'urar, a zare 12AT7 ɗin da ya fi kusa da 6V6, a sake kunnawa. Idan gurnanin yana nan, ciwon yana ɓangaren wuta ko na ƙarfi, idan ya ɗauke kuma a nemi ciwon a ɓangaren farko inda jita take shiga.

A canza dukkan kafasitocin tacewa lokaci ɗaya, a haɗa da ta bayas da ƙananan da ke kan allon haɗi masu irin wannan ruwa. Na asali maikirofarad 16 ne, kuma a nemi waɗanda suke jure bolt 475 ko 500, a kauce wa zuba masu girma fiye da kima a matakin farko domin suna wahalar da GZ34 a duk lokacin kunnawa. A kula da kafasitar bayas musamman, domin ita a juye ake sa ta, ƙafarta mai alamar ƙari ce take zuwa jikin ƙarfe, kuma wanda ya saba da rediyo yakan yi kuskure a nan. Amma kafasitocin nan shuɗaye masu siffar gora da ke kan allon, a bar su sai idan mita ta nuna suna yoyo, domin ba su da ruwa, yawancinsu lafiyarsu ƙalau.

Duk wannan ba aikin da zan ce ka yi da hannunka ba ne idan ba ka taɓa yi ba. Wutar da ke cikin na'urar ta haura bolt 400, kuma kafasitocin suna riƙe ta bayan an zare filogi. Mai gyara yakan sauke ta ne ta hanyar rasista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai wat 5 da aka ɗaure a jikin ƙarfen, ya auna da mita ya ga ta sauka ƙasa da bolt 10 kafin ya sa hannu, ba wai ya haɗa ƙafafun da sukudireba ba. Idan kuma zai auna tana kunne, hannu ɗaya yake aiki da shi, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Kunnawar farko bayan gyara kuwa a yi ta ta cikin ƙwan lantarki irin na da mai zare, na wat 100, wanda aka jera a kan wayar wuta: idan ya yi haske ɗan lokaci ya dushe, lafiya, idan ya ci gaba da haske sosai akwai inda wuta take haɗuwa, kuma ƙwan ya tare ɓarnar.

Saura maganar ƙarfin wuta. An ƙera wannan amfilifaya don wuta ta kusan bolt 117 mai juyawa sau 60, kuma taransifomar da aka naɗa don 60 tana ɗaukar zafi fiye da kima a kan 50. Saboda haka gara abin da yake shiga ya tsaya tsakanin 110 da 115. Ma'auni mafi aminci shi ne wutar ɗumama bawul, wadda ya kamata ta kasance bolt 6.3. Idan mita ta nuna ta kusa 7, wutar ta yi yawa, kuma dukkan bawul ɗin suna tsufa da wuri.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai gyaran talabijin ne da rediyo, na kuma san haɗarin babbar wuta. An kawo mini amfilifaya ƙirar Marshall mai wat 50 da bawul EL34 guda biyu. Fis yana tsinkewa bayan 'yan mintuna, kuma na lura ƙarfen da ke cikin ɗaya daga bawul ɗin yana yin ja kamar garwashi. Daga ina zan fara, kuma yaya ake saita bayas?
Mai gyara daga Sabon Gari, Kano

Amsa: Abokin sana'a, ka riga ka ga rabin amsar da idonka. Jan da ke tsakiyar bawul, na zaren ɗumama, daidai ne. Amma idan faffaɗan ƙarfen nan mai launin toka ya yi ja, bawul ɗin yana jan wutar da ta fi ƙarfinsa, kuma cikin mintuna zai lalace, wataƙila ya tafi da taransifomar fita mai miƙa sauti ga lasifika, wadda ita ce mafi wuyar samu a duk na'urar. Fis ɗin aikinsa yake yi. Marshall irin wannan tana da fis biyu, na wutar gida da na babbar wuta wanda miliamfiya 500 ne, kuma kada a kuskura a sa wanda ya fi abin da aka rubuta a baya, balle a naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa kamar yadda wasu suke yi a wurin biki don kada kiɗa ya tsaya.

Tunda bawul ɗaya ne yake ja, ka fara da musanya musu gurbi. Idan jan ya bi bawul ɗin zuwa sabon gurbi, bawul ɗin ne ya mutu. Idan ya tsaya a gurbin farko, ciwon yana gurbin ko a abin da ke ciyar da shi. Sai ka zare EL34 duka biyun, ka kunna, ka auna ƙafa ta 5 a kowane gurbi. Ya kamata ka ga wuta mai alamar ragi, kusan bolt 35 zuwa 45, iri ɗaya a gurbin biyu. Wannan wutar ragi ita ce bayas, ita take riƙe bawul kada ya buɗe gaba ɗaya. Idan babu ita a duka gurbin biyu, ka duba dayod da kafasitoci da rasistocin da'irar bayas. Idan ta yi ƙasa a gurbi ɗaya kawai, musamman idan tana ƙara raguwa yayin da na'urar take ɗumi, to kafasitar da ta haɗa wannan gurbi da ƙaramin bawul ɗin da ke ciyar da shi tana yoyo, tana turo wuta mai alamar ƙari inda bai kamata ba. Sau da yawa kuma abin bai kai haka ba, ramin ƙafa ta 5 ne ya saki bai kama ƙafar bawul ba, sai a sauke wuta a matse shi. Ka duba tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 ko akwai baƙin tabo, domin idan wuta ta taɓa yin tsalle a nan ta bar hanyar gawayi, gurbin ba ya gyaruwa sai canji. Ka auna rasistar da ke ƙafa ta 4 ita ma, domin bawul mai mutuwa yakan ƙona ta.

Saita bayas lissafi ne ƙarami. Ka sa rasista mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da jikin ƙarfe a kowane gurbi, ta yadda kowane milibolt da ka karanta a kanta miliamfiya ɗaya ne. EL34 yana jure wat 25, kuma ƙa'idar da masu gyara suka fi bi ita ce kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na wannan alhali ba a kaɗa komai ba, wato wat 17.5. Ka auna ƙafa ta 3, idan ka sami bolt 430 misali, ka raba 17.5 da 430, ka sami kusan miliamfiya 40. Wannan iyaka ce, ba wajibi ba, kuma a zafin Kano ni na fi son in tsaya wajen 35, domin bambancin sautin kaɗan ne, bawul kuwa yana ƙara kwana. Wannan lissafi yana aiki ga 6L6GC mai wat 30 da 6V6 mai wat 14. Ka sayi bawul biyun a matsayin tagwaye da aka auna suka yi daidai, ka sake auna ƙafa ta 3 bayan kowane murɗi domin ita ma tana motsawa.

Kafin ka mayar wa mai ita, ka duba abin zaɓar bolt da na zaɓar om da ke baya. A tsofaffin Marshall irin na turawa ne a rami, suna saki da tsufa, kuma idan na om ya saki ana cikin kiɗa, daidai yake da a cire lasifika.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Muna kaɗa jita a wuraren biki da janareta. Amfilifayata tana ƙaraf-ƙaraf idan na murɗa murya, wani lokaci ta yi fito mai tsini da kanta, kuma sautinta yana raguwa ya dawo. An kuma ce mini kada in kunna ta ba lasifika, shin gaskiya ne?
Makaɗi daga Agadas

Amsa: Gaskiya ne, kuma ka riƙe shi da kyau. Amfilifaya mai taransista ba ta damu ba idan babu lasifika, amma mai bawul tana tura ƙarfinta ta taransifomar fita, kuma idan ƙarfin bai sami inda zai sauka ba sai ya koma baya a matsayin wuta mai tsananin yawa, ta huda rufin wayoyin taransifomar. Don haka ka duba igiyar lasifika kafin kowane kunnawa, ka yi amfani da waya mai kauri ba igiyar jita ba, kuma om ɗin lasifika, 4 ko 8 ko 16, ya yi daidai da abin da aka rubuta.

Ƙaraf-ƙaraf da ke zuwa lokacin murɗawa kawai yawanci ƙura ce, abin da ba baƙo ba ne a garinku. A fesa maganin wanke mahaɗar lantarki a cikin abin murɗawar ta ɗan ramin da ke bayansa, a murɗa shi gaba da baya sau da yawa, ba man inji ko fetur ba. A wanke ramukan jona jita da ƙafafun bawul da shi. Fiton kuwa yawanci ƙaramin bawul ne wanda kayan cikinsa suka saki, yana jin girgizar lasifika yana mayar da ita. Ka kunna, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙananan bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya da tsinken itace daga waje, wanda ya amsa da ƙara mai tsawo shi ne mai laifin, kuma ya fi zama na farko kusa da ramin jita. Wannan za ka iya canzawa da kanka bayan ta huce, ba ya bukatar saiti.

Raguwar sauti da dawowarsa na fi zargin janareta, musamman idan fitilu da sauran kayan sauti suna kansa. Ka auna wutar da mita lokacin da ake kiɗa, ka sa sitabilaiza idan da hali, kuma kada amfilifayar ta kasance a jone lokacin tayar da janareta ko lokacin da mai yake ƙarewa, domin a nan wutar take hauka. Idan za ku loda kaya a mota, ku bar ta ta huce tukuna, domin bawul mai zafi bai jure jijjiga ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi kiɗa a zamaninsa, ya bar mana tsohuwar Fender Twin Reverb. Tana aiki, amma da damina takan yi wani shuu da ƙananan fashe-fashe. Wani ya ce a kwashe kayan cikinta a sa allon taransista na zamani, wai ba a ƙera bawul yanzu. Mu yarda?
Mai karatu daga Zangon Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ku yarda. Ana ƙera bawul har yau: kamfanin JJ Electronic yana yi a Sulobakiya, akwai masana'anta a birnin Saratov na Rasha da take fitar da masu sunan Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol, ana kuma yi a Sin. Sun yi tsada da ƙaranci a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, amma 6L6GC guda huɗu da Twin Reverb take amfani da su suna cikin waɗanda aka fi samu. Darajar wannan na'ura, a kunne da a kasuwa, tana cikin taransifomominta da da'irarta ta asali, musamman idan ta fito tsakanin 1963 da 1967, lokacin baƙin allon gaba, kuma ranar da aka kwashe su akwati kawai ya rage muku.

Abin da kika bayyana ya yi kama da abu biyu, kuma dukkansu masu araha ne. Na farko tsofaffin rasistocin gawayi masu om 100,000 da ke ciyar da ƙananan bawul, waɗanda suke shan laima su fara wannan ƙara, ana gano mai laifin ta hanyar zare ƙananan bawul ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta ɗauke. Na biyu allon haɗin da kansa, wanda da wata irin baƙar takarda mai tauri aka yi shi, kuma a gari mai laima irin Kumasi yakan jiƙa ya fara ɗaukar wuta kaɗan tsakanin mahaɗai. Mai gyara zai gane haka idan ya ɗora bakin mita a kan allon kansa ya ga ta motsa, kuma busar da shi da iska mai ɗumi yakan kawo sauƙi. Idan kin leƙa bawul ɗin kin ga tabo mai sheƙi kamar madubi a jikin gilashin, lafiyarsa ke nan, sai idan tabon ya koma fari ne iska ta shiga. Ku ɗaga ta daga ƙasa, ku nisanta ta da bango mai laima, ku riƙa kunna ta na kamar awa ɗaya a kowane wata da lasifika a jone, kuma duk abin da mai gyara ya cire ku karɓa ku adana a leda, domin mai saye zai tambaya.